Ranar da Aka Rufe Tsohon Tikiti

Malamar lissafi na zaune a ɗakin malamai lokacin tara, shayinta ya huce, idonta na kan kwamfuta. Bayan aikin koyarwa, tana cikin masu sa kai da ke kula da wata manhajar tsara jadawalin darasi, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara kyauta. Suna da shafin da ake rubuta kowace matsala. Tikiti suke kiran rubutun, kuma ba a rufe shi sai an warware matsalar.

Akwai tikiti guda da ya riga kowa zuwa tawagar: a kwashe manhajar daga tsohuwar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da ita, a kai ta sabuwa. Wanda ya buɗe shi, wani mai laƙabin Barkono, ya ɓace tun tana jami'a. Duk sabon shiga sai ya rubuta "ni zan yi" a ƙasa, daga nan a neme shi a rasa. Ita ce ta yanka aikin gunduwa-gunduwa, ta dinga bin mutane da naci har aka kawo yau, ranar gwajin ƙarshe.

Alamun gwajin suka fara komawa kore, launin nasara, ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta juya, ba ta san sanda ta miƙe ta rangaɗa guɗa ba.

Malamin tarihi ya saki jaridarsa. "Malama, lafiya? Haihuwa aka yi?"

"Ta fi haihuwa, Malam! Mun tashi daga tsohon gida!"

"Yaushe kuka tashi ba ku gaya mana ba?"

Dariya ta hana ta bayani. Ta jawo shi da kujerarsa gaban kwamfutar, daidai lokacin da saƙon Dogo, jagoran tawagar, ya shigo: "Ke kika sha wahalarsa, ke za ki rufe."

Ta goge allin yatsanta a gefen mayafi, ta yi bisimilla, ta danna.

Nan take shafin ya rikice. Masu tafi na yi, masu zolaya na yi, wani ya ce a bar shi ya yi kuka tukuna. Hedimasta ya leƙo jin hayaniya, malamin tarihi ya tare shi da cewa, "Yallaɓai, kore ne duka!" alhali shi ma bai san me ya yi koren ba.

Sai ga wani saƙo a can ƙasa. Ta karanta sunan, ta dafe ƙirji. Barkono ne. Ashe duk shekarun nan sanarwar tikitin na zuwa masa.

"Ina raye," ya rubuta. "Kiwon kaji nake yi yanzu. Wayata ta yi ƙara ina tsakiyar zuba dusa, na duba, na zauna a kan bokiti. Wace jaruma ce wannan?"

Ta karanta wa ɗakin da ƙarfi, har da kwaikwayon muryar da ba ta taɓa ji ba. Hedimasta ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna mata agogon bango.

Da gudu-gudu ta isa aji, ta tarar yara sun yi tsit, kowa da biro a hannu, suna jiran jarrabawa.

"Ku mayar da takardunku," ta ce tana haki. "Jarrabawar sai gobe. Yau labari zan ba ku."

Ihun da suka yi sai da ya leƙo da malamin ajin kusa.