Kada Rana Ta Taɓa Girar Hajara

…kuma ko malfar ba ki ɗauka ba, Hajara. Na dawo daga gonar albasa, ga ta rataye a ƙusa, ga lema jingine a bayan ƙofa, ga man kare rana a kan taga ko buɗe shi ba a yi ba. Ke kuwa babu ke. Maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga, wai kin tafi Mungadi sunan ɗan ƙanwarki tun da hantsi. Tun da hantsi! A wannan rana ta bazara da ke narkar da kwalta?

Shi ya sa ga ni bisa babur, na baro Aliero ko ruwa ban kurɓa ba, malfa ɗaure a bayana iska na ta fizgar ta. Mutum da furfurarsa yana bin matarsa da hular kaba... to, a yi dariya, ni me ya dame ni.

Gira. Wa yake tunanin gira? Duk zaman da muka yi ban taɓa sanin ina kallon taki ba, sai da ciwon dajin nan ya zo, aka yi ta ɗura miki magani a asibiti a Sakkwato, gashi ya zube ƙaf. Allah ya ba ki lafiya, na kai ya dawo, har ya fi na da laushi, gira kuwa ta ce ita ta tafi ke nan. Shi kai ɗankwali ya rufa masa asiri. Fuska fa? Kika ja hijabi har bisa ido. Kika bar biki, kika bar suna, gaisuwar rasuwa ma sai duhun magariba. Madubin ɗakinki kika juya shi yana kallon bango.

Jega... kasuwa ta ci hanya, mai tirela ya gicciye — matsa mana, bawan Allah, sauri nake! Ga ma shagon can, saman mai gyaran waya. Shagon Ni'ima, yarinyar da ta zana miki girar. Sai da muka tambayi malami kafin mu zo, ya ce gyaran abin da ciwo ya ɓata ne. Na zauna kan benci a waje, kamar ni ake tsagawa. 'Yar aska ce ƙarama, gashi ɗaya-ɗaya take tsagawa a fata tana cusa launi. Da kika fito... wayyo. Girar ta yi baƙi da yawa, ta ɗan kumbura, kin yi kama da mai fushi da ni. Amma matata na gani, ke ce sak, har sai da na kau da kai na share ido.

Ni'ima ta biyo mu har bakin babur. "Baba, rana ita ab babbar matsala. Kada ta taɓa wurin ga har ɓawon ya zube da kainai. Ba susa, ba zuhwa. In ya warke a riƙa shahwa man ga, a sa malhwa, in ba haka ba koɗewa za ya yi."

Ni ta kalla ta gaya wa. Ni! Ai kuwa na riƙe da hannu biyu. Aikin inuwa wa zai koya min, ni da nake ajiye albasa a rumfa wata da watanni ba ta lalace ba? Na kafa rumfar zana daga ƙofar ɗakinki har madafa. Na hana ki hura wuta saboda gumi, muka yi ta cin tuwon hannuna mai gudaji, kina haɗiyewa kina sa min albarka, Allah ya yafe miki wannan ƙarya. Lokacin alwala ina tsaye a kanki da tsumma — a hankali, a hankali, kada ki goga. Ɓawo ya zube da kansa, launi ya kwanta, ya zauna daram kamar da shi aka haife ki.

Ya warke, na sani. Ni'ima ma ta duba ta ce ya warke. To amma ranar ta tafi ne? Tana nan kullum. Kika ce za ki kasuwa — bari la'asar ta yi sanyi. Kika ce za ki gaida Inna — gobe, yau akwai zafi. Bikin maƙwabta — ai a fili za a zauna, babu inuwa. Ni dai kada girar ta koɗe. In ta koɗe kika sake jan hijabin nan har ido, kika sake shigewa ɗaki... ba zan iya ba, Hajara, wallahi ba zan iya sake ganin wannan ba. Tsoro nake ji, ga gaskiyar.

Shekaranjiya kika ɗaga min girar, ta hagun, kika ce, "Malam, albasa kaka ajiya ko mata?" Na yi dariya. Ke kin yi kuwa? Na kasa tunawa...

Maiyama ta wuce. Inuwata ta shige ƙarƙashin babur, rana ta take tsaka. A motar haya wane gefe kika zauna? Bakin taga, na san halinki, kin fito da fuska kina shan iska. Kai, mace mai taurin kai! Tun kina amarya haka kike, kuma don haka na... to, bar wannan.

Mungadi. Ga guɗa na tashi, ga maza can gindin dogon yaro suna jiran abinci. Ban kai ga yi musu sallama ba. Zanar da ta kewaye gidan ta ɓule ta gefe — ba leƙe nake ba, Allah ya gani, idona ne ya faɗa...

Ga ki. Tsakiyar gida, inda ko inuwar tsinke babu. Hijabi ya zame baya, goshi a buɗe, muciya a hannu kina tuƙa babbar tukunya, gumi na bin girar yana ɗiga. Innalillahi, wuta a ƙasa, rana a sama! Mata sun kewaye ki, wata ta kama haɓarki tana juya fuskarki tana kallo, ke kuwa kin sakar mata fuskar, kin ɗaga kai kina dariya har da dafe ciki... wannan dariyar. Yaushe rabona da ita? Tun kafin asibiti. A ƙarƙashin rumfata ban ji ta ba, ko sau ɗaya.

Kira ɗaya ya isa. In na aika a ce Malam Khalilu na waje, za ki fito da sauri, ki sa malfar, ki rufe fuska, ki koma gefen inuwa ki zauna shiru don kada raina ya ɓaci. Na san ki. Launin kuwa yanzu haka rana na cin sa, ina tsaye ina kallo... Na buɗe baki...

Bari ki gama dariyar tukuna, Hajara. Bari dai ki gama.