Shafukan da Akuya Ta Ci

Littafin ba shi da bango, ba shi da suna, ba shi da ƙarshe. Bangon ya salwanta tun yana yawo hannu zuwa hannu a Gummi. Ƙarshen kuwa akuyar gidan Tasalla ce ta gama da shi, ranar da aka kawo shi aka manta da shi a kan turmi. Matan unguwa suna ce masa littafin Halilu kawai, da sunan saurayin da ke cikin labarin, wanda ya bar tsohuwarsa ya tafi fatauci ƙetaren kogi, aka daina jin ɗuriyarsa.

A wannan lungu na Bukkuyum, Tasalla ce mai karatu. Idan kaka ta yi aka kawo wake gida, mata sukan taru a tsakar gidanta bayan azahar, kowace da faifanta, su ɓare mata wake, ita kuma ta karanta musu. Tsari ne da ya yi wa Tasalla daɗi, domin a duniya babu aikin da ta ƙi jini kamar ɓarar wake. Idan ta zo inda takarda ta ƙare, sai ta kifa littafin a cinya, ta ɗaga kai sama, ta ci gaba da ka. Ta ce musu ta karanta shi cikakke a gidan mahaifinta tun tana budurwa.

Ba ta taɓa ganin ƙarshen nan da idonta ba. Ita ta ƙirƙiro shi, kuma kowace shekara sai ya ƙara ƙiba. Da farko Halilu a kan jaki ya dawo. Daga baya ya koma mashin. Bara har mota ya shigo da ita gari, yara na bin sa a guje.

"Wai ba bisa mashin yad dawo ba?" in ji Saude, maƙwabciyarta, wadda bakinta bai san hutu ba.

"Ya samu ci gaba," Tasalla ta ce, ko gezau ba ta yi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi wa ƙarshen nan dariya ba, ita ce Inna Habsu. Ɗanta ɗaya tilo, Labbo, ya tafi haƙar zinariya wajen Anka shekarun baya, daga nan aka ce ya bi wasu zuwa wata ƙasa, shi ke nan babu waya babu saƙo. Tsohuwar takan yi gyangyaɗi a duk wuraren soyayya, amma da an kifa littafi sai ta farka ta gyara zama. Idan Halilu ya yi sallama a ƙofar gidan uwarsa, sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To, hakanan Labbo ma." Da wannan take samun abin riƙewa har wata kakar.

Ana nan sai Surayya, ƙanwar mijin Tasalla, ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin jinya da wata babbar waya mai faɗin faranti, wadda ta ce sunanta tablet. Matan unguwa ba su wahalar da harshensu ba, suka sa mata suna allon Surayya. Tsakanin Surayya da matar yayanta kuwa wasa ne da tsokana tun ranar da aka kawo amarya, kuma Surayya ta daɗe tana zargin ƙarshen nan.

"Yaya Tasalla, albishirinki," ta ce a gaban kowa. "Na samo littahin Halilu. Wata ƙawata ta turo mani shi, cikakke, har da wurin da akuya tac ci."

Mata suka ɗauki guɗa. Tasalla ma ta yi murmushi, irin murmushin wanda ya taka ƙaya a gaban surukai.

Surayya ta danna sunan littafin. Allon ya yi fari, ya rubuto wani guntun Turanci, ya koma inda yake. Ta sake dannawa, ya sake yin haka. Ta juya shi a kwance, ta juya shi a tsaye, har ta hura masa iska kamar mai tayar da wuta, littafi dai ya ƙi buɗuwa.

"Kin gani ko," in ji Tasalla, numfashinta ya dawo. "Ko shi ya san ba shi da abin hwaɗi."

Kwanakin da suka biyo baya Tasalla ta yi su cikin nishaɗi. Har a sujada ta taɓa roƙon Allah ya bar abin nan a rufe, sannan ta ji kunyar irin roƙon da take kai wa Ubangiji, ta yi istigfari. Sai dai akwai Lydia, ma'aikaciyar asibiti 'yar Filato da ke haya a gidan da ke jikin nasu. Ta leƙo aron rariya, ta ga Surayya na fama da allon, ta karɓa ta duba. Ta ce littafin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke buɗe irinsa ce babu a ciki, kamar a ba ka akwati a manta da ɗan makulli. Nan take ta tura mata daga wayarta. Da yamma Tasalla ta aika wa Lydia furar da ta saba aika mata, amma ranar ba ta sa sukari ba.

Surayya ta rantse ba za ta leƙa ƙarshen ba sai a gaban jama'a, don kada a ce ta yi maguɗi. Ta kai allon shagon caji ya sha wuta har ya ƙoshi. Washegari tsakar gidan Tasalla ta cika da matan da ba su taɓa zuwa ɓarar wake ba, wasu ma ko faifai ba su riƙo ba. Inna Habsu ta riga kowa zuwa, ta ɗaura sabon kallabi.

"Ke za ki karanta muna," Surayya ta ce, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da matar yayanta. "Ni kau ina nan kusa, kada ki ɓata hanya."

Tasalla ta karɓi allon da hannu biyu. Ta lashi yatsa za ta buɗe shafi, Surayya ta yi tsalle kamar an zuba mata ruwan zafi, ta goge gilashin da gefen zanenta. Aka nuna mata yadda ake shafawa. Ta shafa da ƙarfi, littafin ya arce har kusan farko. Ta sa yatsa biyu, harafi ɗaya ya kumbura ya cika allon. Saude ta yi dariya har ta zubar da wakenta. Da ƙyar dai aka lallaba aka kai layin da takarda ta ƙare, inda uwar Halilu ke tsaye a bakin zaure tana duban hanya.

Surayya ta shafa mata shafi na gaba.

Idon mai karatu yakan riga bakinsa. Kafin Tasalla ta furta kalma ɗaya, idonta ya kai ƙasan shafin. Wani abokin tafiyar Halilu ne ya yi sallama, ba Halilu ba. Kwalekwale ya kife da su a tsakiyar kogi tun shekarar da suka tafi. Hular Halilu kawai aka kawo wa tsohuwa. Bayan wannan shafi saura ɗaya, na ta'aziyya da wa'azi a kan haƙuri.

Ta ji kafaɗar Surayya ta sandare a jikin tata. Ita ma ta gani.

Duk kwanakin nan abin da Tasalla ke tsoro shi ne a kama ta da ƙarya a gaban mata. Yanzu ta manta da wannan sam. Tausayi ne ya cika ta, da haushin marubucin da ba ta sani ba, wanda ya sami mutum a hannunsa ya rasa abin da zai yi da shi sai jefa shi a ruwa.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna Habsu. "Wutar ta ƙare?"

"A'a, Inna. Rubutun na ƙanana."

Ta gyara murya, ta kafa ido a kan gilashin, ta fara. A hankali take tafiya, tana ɗan cijewa a wasu wurare kamar mai haɗa baƙi. Wannan karon ba ta da ƙarfin zuciyar sayen mota. Halilu ya dawo da rana tsaka, a ƙasa, ya rame, takalminsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da igiya. Ya tsaya a bakin zaure ya kasa sallama don kunya, domin bai kawo komai ba. Uwarsa ce ta gane shi ta tsayuwarsa, ta ce masa ya shigo, tuwo bai huce ba.

Da ta kai inda ya kamata a juya shafi, sai ga yatsan Surayya ya sauko ya shafa. Baya ta mayar da shi, tunda gaba babu komai sai ta'aziyya, amma wa zai sani?

"To motar hwa?" Saude ta katse ta. "Ina mota?"

Kowa ya dubi Surayya, tunda ita kaɗai ce shaida. Tasalla ba ta dube ta ba.

"Babu mota," in ji Surayya. Ta ɗaga murya yadda ta saba. "Babu mashin, babu ko jaki. Ai na hwaɗa maku matar Yaya na ƙara gishiri. A ƙasa yad dawo, ga shi nan rubuce."

Wurin ya kaure da shewa. Saude ta ce dole Tasalla ta biya su waken da suka ɓare a kan motar da babu ita. Wata ta ce daga yau sunan Tasalla Mai Mota. Tasalla ta rufe fuska da hannu ta bar su suka yi son ransu, ba ta taɓa jin daɗin tsiya irin ta ranar ba.

La'asar ta kawo jiki, mata suka kakkaɓe zannuwansu suka watse suna dariya. Inna Habsu ba ta tashi ba. Ta ja jiki a kan tabarma har ta matso kusa da su.

"Ɗiyata, nuna mani wurin."

"Wane wuri, Inna?"

"Wurin da anka rubuta ya dawo."

Tasalla ta dubi allon. Shafin da ke buɗe shi ne wanda uwar ke tsaye tana duban hanya. Ta bi layukan da ido har ta sami sunan, ta ɗora farce a ƙarƙashinsa. Iyakar abin da za ta iya nunawa ke nan ba tare da ta yi rantsuwa a kan ƙarya ba.

"Ga sunanshi nan, Inna."

Surayya ta sa yatsa biyu ta buɗa, ta sake buɗawa, har sauran kalmomin suka fice ta gefe, sunan kaɗai ya rage. Tsohuwar ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ta goge hannunta a zane, ta ɗora yatsa a kai a hankali.

"Da ina cewa ko don ni kike hwaɗi," ta ce. "Ashe da gaske na."

Hasken allon ya fara dushewa, kamar yadda yake yi idan an daɗe ba a motsa shi ba. Surayya ta miƙa hannu ta taɓa gefensa, ya sake haskawa. Da ya ƙara dushewa ta ƙara taɓawa, har aka kira salla.