Gwangwanin Madam Eunice

Maharazu ya haura shekara hamsin kafin ya sake jin warin albarushi. Rabonsa da shi tun yana yaro a wani ƙauye bayan Ningi, inda mahaifinsa yake maharbi, mai doguwar bindigar toka da ake jinginewa a jikin rumbu. A Landan kuwa direban bas ne, ya daɗe yana kai da komo a Old Kent Road, warin da ya saba da shi na hayaƙin mota ne da na rigunan da ruwan sama ya jiƙa. Wata Asabar wani abokin aikinsa ya ja shi zuwa wani kulob na masu harbi da bindigogin zamanin da, can bayan Dagenham, a wani fili da aka kewaye da tudun ƙasa. Abokin bai ƙara zuwa ba. Maharazu ne ya maƙale.

Dokar wurin ita ce sabon shiga sai ya yi wata shida yana gwaji, da bindigar kulob, mai kula da fili tana tsaye a kansa. In ta sa masa hannu ya zama cikakken memba, daga nan ya nemi lasisi wurin 'yan sanda ya mallaki tasa. In ba ta sa ba, sai ya nemi wani abin yi ranar Asabar. Maharazu kuwa ba ya son wani abin yi.

Mai kula da filin sunanta Eunice, wata gajeriyar Baturiya da ta kusa saba'in, wadda ta yi aiki a masana'antar motoci har ta yi ritaya. Tun ranar farko ta gwada kiran sunansa sau biyu, harshenta ya ƙi, ta yanke shi ya koma Raz. Shi kuma Madam yake ce mata.

Bindigar da ta koya masa ƙarama ce ta hannu, mai ganga mai ramuka shida da ke juyawa. Ba harsashi ake zura mata ba, kowane rami sai an ɗura shi da hannu. A sa tabarau da abin toshe kunne tukuna. A duba ramukan a tabbatar babu komai. A auna albarushi a ɗan ma'auni, a rufe gorarsa a ajiye gefe, sannan a zuba. Ba a tsiyayawa daga gora kai tsaye, don ko ɗigon wuta ne ya rage a rami, gorar ce za ta tashi a hannun mutum. Bayan albarushi sai a sa ɗan faifan ulu mai maiƙo da kulob ke saya a kanti, a ɗora dunƙulen darma, a danna shi da hannun ƙarfen da ke ƙarƙashin bututu har ya zauna daram, ya bar ɗan siririn zoben darma a bakin ramin. 'Yan hulunan jan ƙarfe masu tayar da wuta su ne na ƙarshe, ba a sa su sai mutum yana bakin layi, bakin bindiga yana kallon allon da ake harbi.

"Ulun nan ba ado ba ne, Raz," in ji ta. "Shi ne ƙofa tsakanin wutar wannan ramin da albarushin na kusa da shi. Ko ulu a ƙasan darma, ko maiƙo a samanta. Ɗaya dai dole. Kuma yatsunka kada su taɓa wuce gaban ganga."

Ya riƙe duka. Mutum ne mai nutsuwa, ba ya gaggawa, ba ya gardama, abin da ta faɗa sau ɗaya ba ta maimaitawa. Har sauran tsofaffin kulob suka fara zolayarta wai ta samu ɗan lele.

Saura mako biyu gwajinsa ya cika, bayan an tashi, ta kira shi gefe ta ciro wani gwangwanin taba daga jakarta, tsoho, fentinsa duk ya goge. Ta buɗe. Wani farin maiƙo ne a ciki, ya daskare sumul.

"Rabu da ulun kantin nan," ta ce. "Wannan haɗin mijina ne, Len. Tun da ya rasu ni nake dafawa, kuma ba kowa nake ba wa ba. Kakin zuma ne da man alade, ba wani abu. Ka shafa a bakin ramuka, za ka ga yadda bututu zai riƙa wankuwa."

Maharazu ya ji kalmar sarai. Amma ta riga ta miƙo, ga sunan mamaci a kan kyautar, ga murna a fuskar tsohuwa. A gidan da ya tashi ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na wanda ya girme ka. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya har da ɗan rusunawa. A mota ya naɗe gwangwanin a leda biyu ya sa a but.

Duk makon yana tuƙi yana juya maganar. Ya san yadda maiƙo yake yi in an harba: fantsama yake, a hannu, a hannun riga, wani lokaci har a gemu. Shi kuma daga fili yake shimfiɗa dardumarsa a bayan mota ya yi azahar. In ya koma wa ulu, za ta gani, ta san ya ƙi kayan mijinta. In ya faɗa mata, kamar ya ce mata ƙazanta ta ba shi ne. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Anatu.

Ranar Asabar ya ajiye gwangwanin a kan teburinsa ya buɗe shi, inda za ta hango. Eunice tana can ƙarshen layi tana fama da wani sabon shiga. Maharazu ya auna albarushi, ya zuba, ya danna darma. Bai sa ulu ba. Ya ɗauki ɗan tsinken katako ya kai shi saman gwangwanin bai taɓa ba, ya zagaya da shi bakin ramukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shafawa. Ya ce a ransa darmar ta matse sosai, sau ɗaya ba zai zama komai ba. Da ta waigo ta ga gwangwanin a buɗe, ta ɗaga masa babban yatsa.

Harbin farko lafiya. A na biyu ƙarar ta ninka, bindigar ta doki tafin hannunsa kamar an kai mata sanda, wuta ta fito ta gefen ganga, hayaƙi ya turnuƙe. Ƙasa ta tashi a can hagu da allo. Ramuka biyu ne suka tashi tare.

Bai juya bindigar ba, bai leƙa ta ba. Ya bar bakinta yana kallon tudu, ya cire yatsa daga kunama, ya ɗaga ɗayan hannun. Eunice ta busa usur, kowa ya tsaya.

"Kada ka motsa. Ka ji ciwo?"

"A'a, Madam."

"Ƙirga yatsunka."

"Sun cika."

Ta bar shi a haka har minti ya wuce, ko da akwai wata wuta da ke ci a ɓoye, sannan ta karɓi bindigar ta cire hulunan da suka rage. Ta kai ta teburi ta duba bakin ramukan da ba su tashi ba. A bushe suke ƙayau. Ta dubi tsinken, fes. Ta dubi gwangwanin, samansa sumul kamar ranar da ta zuba shi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jira mutane suka koma kan harkarsu.

"Ba zan rantse ta gaba wutar ta shiga ba," ta ce. "Wani lokaci hula ce take yin sako-sako, ta shiga ta baya. Ba wannan ne ya dame ni ba. Na gan ka da idona kana shafawa, Raz. Me kake shafawa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ta ci gaba.

"Wanda ya manta, zan iya koya masa. Wanda ya yi kamar ya yi, ban san yadda zan yi da shi ba. Akwai mutum a damanka, akwai a hagunka. Mako mai zuwa ne ya kamata in sa maka hannu, kuma yadda nake ji yanzu ba zan sa ba. In kana da magana, ka zo da ita."

Da ya isa gida Anatu tana yanka alayyafo a kicin. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Baban Affan, yau ba a ci allon ba ne?"

"An ci."

"To wa ya rasu?"

Sai da ta zuba masa abinci ya ci rabi sannan maganar ta fito, guntu-guntu. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye cokali.

"Tsaya in gane. Don kada ran tsohuwa ya ɓaci, ka gwammace ka dawo mini da yatsu uku?"

"Ba haka ba ne."

"Yaya ne? Kai da kake tsayar da bas a tsakiyar titi ka ce ba za ka motsa ba sai fasinja ya sauka daga matakala, yau gwangwani ya gagare ka? Ko Malam ka tambaya ma?"

"Ba fatawa nake nema ba. Raina ne ba ya so."

"To ai sai ka ce mata ranka ba ya so. Mutanen nan kullum cikin faɗin abin da ba sa ci suke, wannan ba ya shan madara, wancan gyaɗa na kumbura shi. Kai kaɗai ne mai kara a duk Ingila."

Ya yi murmushin dole. Ta tashi tana tattara kwanuka, can ta juyo.

"Shi Baba da me yake shafa wa tasa bindigar?"

Ya yi ɗan tunani. "Kitse. Kitsen rago yake narkarwa a kasko."

Anatu ta buɗe firiza, ta tona har ƙasa, ta ciro wata leda da ta yi ƙanƙara. Kitsen ragon layyarsu ne, wanda mahauci ya haɗo musu a kwali, ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Ga shi nan yana cinye mini wuri. Kai ka nemo kakin zuma. Amma ka ji, kitse ba zai yi maka magana ba. Bakinka za ka buɗe."

Ranar Laraba ta narkar da shi a ƙaramar tukunya, ta tace da tsumma, suka zuba kakin. Falon ya yi kwana biyu yana warin Babbar Sallah.

Asabar ya riga kowa zuwa. Eunice tana jera alluna. Ya ajiye gwangwani biyu a kan teburi, nata da wani na madarar gari, ya tsaya da hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta.

"Madam, na zo da maganar."

"Ina ji."

"Man alade ne. Ba na son ya taɓa jikina, daga nan nake yin sallah. Na kasa faɗa miki saboda kin ce na mijinki ne. A wurinmu, in babba ya ba ka abu, ba ka cewa a'a."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na san ba kwa ci," ta ce. "Ban kawo a raina har taɓawa ba. Shi ke nan? Wannan ne duka?"

"Shi ne duka."

"Kai, Raz. Len don arha yake sayen man alade. Da man jirgi ya fi arha da shi zai dafa." Ta ɗauki gwangwanin madarar ta buɗe, ta shinshina, ta ɗan ja da baya. "Wannan fa?"

"Kitsen rago da kakin zuma. Matata ce ta dafa."

Ta lakata da yatsa ta murza. "Ya ɗan yi tauri. In sanyi ya shigo sai ta rage kakin. Ɗauko bindiga, ɗura a gabana."

Ya ɗura tana tsaye a kafaɗarsa. Ya auna, ya rufe gora, ya zuba, ya danna darma har zobe ya fita, ya cika bakin kowane rami da kitse har ya shafe. A bakin layi ta sa shi ya danna kowace hula ta ga ta zauna. Ya harba shida, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙararsa shi kaɗai. Warin albarushi ya gauraya da na kitse, irin wanda yake ji a rigar mahaifinsa in ya dawo daga daji.

Da ya ajiye bindigar ta ce, "Ɗurinka ba shi da laifi, da ma ba shi ne matsalar ba. Yau dai ba zan sa hannu ba. Zan gaya wa kwamiti a ƙara maka wata uku."

Ya gyaɗa kai.

"A wata ukun nan abu ɗaya nake so in gani. In akwai abin da ba za ka yi ba, ka ce ba za ka yi ba, da ƙarfi, kowa ya ji. Ko ni ce na ce ka yi. Ka iya?"

"Zan gwada, Madam."

"Ban ce ka gwada ba."

"Na iya."

Ta ɗauki gwangwanin Len ta goge murfinsa da hannun riga, ta mayar cikin jakarta. Motoci sun fara shigowa, tsofaffin suna fitowa da akwatunansu. Ta ciro tata bindigar ta shimfiɗa a teburin da ke kusa da nasa, ta auna albarushi, ta danna darma. Sannan ta miƙo tsinkenta ba tare da ta dube shi ba.

"Matso da ragon nan kusa."