Jakin Mai Littattafai

Mai Kaji ya gaji da kaji. Tun yana saurayi aikin ke nan: zuba dusa, kwashe ƙwai, share kashi, gobe a sake. Har a mafarki cara yake ji. Shi ya sa ranar da tsohon nan mai yawon sayar da littattafai ya ce ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, zai rabu da keken jakinsa da kayan ciki, Mai Kaji bai shawarci kowa ba ya ba shi maraƙinsa ya karɓi keken da jakin.

Karatun nasa dai sai a hankali, da ƙyar yake haɗa baƙi, amma ina ruwansa, shi hanya yake so. Tsohon ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya yi gardama da jakin, don ya san ƙofar duk wani mai saye, kuma ba ya tsayawa a banza.

Washegari Mai Kaji ya ce wa matarsa zai leƙa kasuwa, ya sulale. Jaki ya tsaya a shagon tela, tela ya ɗauki labarin soyayya yana waige-waige. Ya tsaya gidan wata mai wanki, ta nemi ci gaban labarin da ta fara, Mai Kaji ya miƙa mata littafin gyaran famfo saboda launin bangonsu ɗaya. Ta wurgo masa abinsa. Duk da haka daɗi kamar ya kashe shi, yini guda babu kazar da ta caccaki ƙafarsa.

Da la'asar jaki ya karya kwana ya shiga wani lungu. Warin kashin kaji ne Mai Kaji ya fara ganewa. Ya ja linzami, ya yi lallashi, ya sauka ya tura, a banza. Jaki ya kafe ta bayan gidan Mai Kaji ya ɓarke da kuka.

Sai ga matarsa ta fito daga ɗakin kaji da littattafan da ta gama karantawa a cikin kwando. Ashe shekara da shekaru tana musayar ƙwai da littafi, tana ɓoyewa bayan buhunan dusa, shi kuwa yana ta zagin kajin wai sun yi lalaci, ba sa yin ƙwai.

Ta dube shi, ta dubi keken, ta tambaye shi yadda ciniki ya kasance. Ya ba ta labarin mai wanki, har da ɗan alfahari.

"Maigida, matsa daga nan," in ji ta. "Kashe kasuwar za ka yi."

Ta ɗora masa kwandon a hannu ta haye. Jakin da ya ƙi motsi ɗazu ya kama hanya ko umarni bai jira ba. Sai da ta kusa ɓacewa ta waiwayo.

"Ruwan kajin ya ƙare tun da rana."

Mai Kaji ya ji kamar ya yi kuka. Ya ajiye kwandon, ya ɗauki bokiti.