Kyamarar da Ta Ƙirga Shanun Alhaji Maharazu

"To wa ya juya ta, Baba? Aljanu?" in ji Mas'udu.

"Rage murya, da ubanka kake magana," in ji Alhaji Maharazu. Bai ko ɗago ba, carbinsa yake ja.

Ni ina bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno, ina ɓare gyaɗa. Alhaji ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mas'udu ɗansa ne na fari, mai karatun injiniya a Katsina. Tun da mutanen daji suka taso mu daga Ƙetare muka dawo cikin Ƙanƙara, gida ɗaya muke cushe, mu da ragowar shanunmu a garke bayan ɗakuna. Ko tari aka yi a gidan nan sai na ji.

Abin da ake rigima a kai bai kai tafin hannuna ba. Wani ɗan allo ne kore, da 'yar kyamara kamar ƙwayar gurjiya, sai wata farar waya mai faɗi, siririya kamar zaren kaset, da ke haɗa su. Aikin makaranta ne, sai ya nuna yana aiki kafin a ba shi takardar gamawa. Wai kyamarar za ta kalli garke, allon ya gane kowace saniya ya ƙirga. Kwana da kwanaki yaron nan yana kunnawa, talabijin ɗin da ya jona tana ce masa ba ta ga kyamara ba. Ya goge abin da ya zuba a ciki, ya sake zubawa, ya hau babur neman sabis, ya dawo. Har wuyansa ya yi tsawo.

Ni kuwa na san abin da ya faru. Ranar da Mas'udu ya tafi aski, Alhaji ya shiga ɗakin ya fizge wayar nan, ya tsaya yana kallonta. Sai kuma ya ji nauyin a ce ya taɓa kayan yaro, ya mayar, amma a juye, gefen shuɗi inda gefen ƙarfe yake. Na yi shiru iya ƙarfina, Allah ne shaida. Yau da hantsi ne kawai na tambayi Mas'udu ko wayar nan tana da ciki da baya kamar atamfa.

"Da ka ce mani ba ka so, da na nemi garken wani," in ji Mas'udu.

"Garken wa? Wa zai bari ka ƙirga mashi dukiya? Kakanka har ya koma ga Allah bai taɓa ƙirga shanunshi ba. Kowace da kamanninta ya san ta."

"Wancan zamanin da ne, Baba."

"Na yanzu ya fi. A da bakin mutane ake tsoro, yanzu wayar mutane. Da mutanen daji suka ɗauke Mani na Pauwa, ba su tambayi iyalinshi me gare shi ba. Su suka lissafa masu, har da maraƙin da bai fara cin ciyawa ba."

"Malamina kaɗai zai gani."

"Shi da ɗalibanshi da abokan shan shayinshi. Ga kuma Yaya nan."

Na ce, "Ni me na yi? Gyaɗa nake ɓarewa."

"Da kunne kike ɓare ta," in ji Alhaji.

Mas'udu ya durƙusa gaban allon. Ya kashe wuta, ya sa farce ya ɗaga wani ɗan baƙin maƙale da ke riƙe wayar. Gefe ɗaya ya tsage, aikin yatsun ubansa. Ya zaro wayar, ya juya ta, ya hura ramin, ya tura a hankali yana cije leɓe. Maƙalen ya ƙi kamawa, sai ya yagi kwalin ashana ya ninke ya cusa. Ya jona batirin sola. Wata 'yar fitila ja ta kama, koriya tana ƙyaftawa. Ya yi 'yan danne-danne, sai ga hancinsa a talabijin, ƙato, ya cika gilashin. Na yi dariya ni kaɗai.

"Ta yi aiki, ya isa," in ji Alhaji. "Kai masu hancinka."

"Ba hanci suka ce in ƙirga ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "In ban kai wannan ba sai baɗi, Baba. Ba ni da ƙarfin ƙara shekara a kan hanyar Katsinan nan da mutanen daji ke tarewa, kullum Inna tana kuka sai na kira na ce na sauka."

Alhaji ya daina jan carbi. Mas'udu ya ɗaga allon ya ɗora a taga mai kallon garke.

Sai ga shanunmu a talabijin. Abin ya shiga zagaye kowace da koren layi: fara mai karyayyen ƙaho, jar nan mai tunkuyi, har da jakin maƙwabci da ya leƙo ta katanga. A kusurwa lamba tana hawa, ta tsaya. Ni ajin yaƙi da jahilci na yi, dogon rubutu yana sa ni ciwon kai, amma lamba ba ta ɓoye mani.

"Jakin ne ya ƙara ɗaya, zan gyara," in ji Mas'udu.

"Har ƙari take mani," in ji Alhaji. Ya juyo. "Yaya, kin gani?"

"Idona ba shi da kyau yanzu."

"Kin gani."

"Na gani."

"Gobe akwai suna gidan Malam Yahya. Za ki?"

"An aiko mani da goro, Alhaji. In ƙi zuwa a ce me?"

Ya sa carbi a aljihu, ya dafa gwiwa ya tashi kamar wanda ya wuni yana huɗa.

"Ɗauki hotonka yau ka kai masu. Ranar kasuwa zan kora rabi garin Sheme in sayar. Abin da Yaya ta gani ya zama tsohon labari."

"Baba, su ke nan suka rage mana."

"Na sani. Ban ƙirga ba, amma na sani."

Ya tsallake tiren gyaɗata ya fita, ya bugo ƙofar langa-langa da ƙarfi, har shanun cikin talabijin suka ɗago kai.