Kafin Shamuwa Ta Dawo

Da zarar watan Maris ya kama, kowa a garinmu za ka gan shi da zare a wuyan hannu, ja da fari, an murɗa su tare. Ba a kwancewa sai ranar da mutum ya ga shamuwar farko ta dawo daga kudu, sannan ya je ya ɗaura shi a reshen bishiya mai fure. A shekarar annobar ma haka aka yi.

Ni wanke-wanke da goge ƙasa aka ɗauke ni yi a gidan rainon yara na unguwarmu. Karatuna bai yi nisa ba, magana kuma ba ta zo mini da sauƙi. Idan iyaye suka zo ɗaukar 'ya'yansu, nakan sami abin gogewa a bayan ƙofa har su tafi. Da ciwon ya shigo, hukuma ta rufe makarantu duka, ta bar namu a buɗe domin 'ya'yan ma'aikatan asibiti, su kwana nan su tashi nan. Malama ɗaya ta kamu, ɗayar mai ciwon suga ce aka ce ta zauna gida, shugabarmu ma ta kwanta. Aka bar ni da Tsonka mai dafa abinci, da yara bakwai.

Momcil shi ne ƙaraminsu, shekararsa huɗu. Uwarsa Neviyana nas ce, ubansa Dobrin kuma direban tirela ne, rufe iyaka ya rutsa da shi a wata ƙasa. Ranar da ta kawo shi da jakarsa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ƙara ɗaure masa zarensa don ya yi sako-sako. Ya riƙe rigarta ya ce yaushe za ta zo.

Ta ce, "Ka ga sheƙar can a kan turken fitila? Ranar da shamuwa ta sauka a cikinta, zan zo mu ɗaura zarenka tare."

Ta ɗago ta dube ni ta saman takunkuminta. "Ralitsa ko? Ba ya barci sai an riƙe masa ƙafa."

Na gyaɗa kai. Iyakar maganar da ta taɓa haɗa mu ke nan.

Tagar ɗakin wasa tana kallon sheƙar sosai. Kullum da safe, kafin ya sha madara, sai Momcil ya ja kujera ya hau ya leƙa. "Lelya Rali, ba ta zo ba," in ji shi. Lelya, wato Gwaggo, haka yara ke kiran kowace babba a cikinmu. Sai ya sauko ya ci burodinsa.

Wani direba da muke kira Bai Koliyo, wato Baba Koliyo, shi ne yake kawo mana kaya a motar hukuma. Ba ya shigowa, a bakin ƙofa yake ajiyewa ya ja da baya. Tsonka takan fita da ludayi a hannu ta buɗe kwalin.

"Sabulu kuma? Bai Koliyo, je ka gaya musu yaran nan ba sa cin sabulu."

"Ai da wake a ƙasa, tsohuwa. Duba da kyau, ko idon ya tafi?"

"Idona ya fi motarka lafiya. Mutum muke nema, mai hannu biyu. Yarinyar nan Ralitsa a tsaye take barci kamar doki."

"Mutum ya yi wuya, Tsonka. Ni kaina rabi na naku ne, rabi na maƙabarta. Da safe wake, da rana akwatin gawa."

"To Allah ya sa kada ka haɗa kayan."

Ya yi dariya har da tari, ta ce masa ya tafi da tarinsa can.

Wata safiya ya zo bai yi wasa ba. Ya ajiye kwalin, ya cire hularsa, ya tsaya yana murza ta. Ya ce jiya shi ya ɗauko Neviyana daga asibiti. An binne ta a rufaffen akwati, daga shi sai limamin coci da masu haƙa. Tsonka ta zauna a kan dakali. Ni kuwa ina jin muryar Momcil daga ciki yana faɗa da wata yarinya a kan motar roba.

Da rana Dobrin ya kira wayar gidan. Muryarsa ta dishe. Ya ce ko an bar shi ya shigo ƙasa, sai an killace shi tukuna kafin ya ga kowa. Ya ce, "Don Allah, ƙanwata, kada yaron ya sani sai na zo. Ni zan gaya masa, yana jikina." Na ce to. Da me zan ce?

Na yi ta juya abin, har na yi ƙarfin hali na kira ofishin hukuma. Na ce wa matar da ta ɗauka muna da yaro wanda uwarsa ta rasu, ko akwai wanda ya san yadda ake yi da yara a irin wannan, ko ta waya ce. Ta yi mini ta'aziyya da murya mai daɗi, ta ba ni wata lamba. Lambar ko dai ana magana a kanta, ko ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Washegari Bai Koliyo ya kawo takardun zane da fensira masu launi, ya ce daga ofis ne, domin yaron.

Ni na fara ganin shamuwar. Na tashi kafin yara ina goge taga, sai ga ta tsaye a sheƙa da ƙafa ɗaya, tana gyara fiffike. Tun ina ƙarama nake murnar wannan rana. Na ja labulen na rufe, na sa tsinke na manne bakinsa.

Na ce wa yaran rana tana ɓata ido, likita ya ce a rufe. Na mayar da wasa zuwa filin gaba, inda ginin yake kare turken. Momcil ya yi kuka, ya ce to yaya zai san ta zo. Na ce ni zan riƙa duba masa.

"Kin duba, Lelya Rali?"

"Na duba."

"Ba ta zo ba?"

"Sha madararka."

Tsonka ba ta so abin ba. A kicin ta ce, "Ke yarinya, tafin hannu yana rufe rana? Tsuntsun nan ya fi Momcil tsawo." Amma da shamuwa ta biyu ta iso suka fara buga baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ana ji har cikin ɗaki, Tsonka ce ta riƙa ɗaukar murfin tukwane tana gwarawa tana waƙa da mummunar muryarta. Yara suka yi ta dariya suna cewa Lelya Tsonka ta haukace. Ta ce, "Na haukace mana, wa zai zauna da ku bai haukace ba?" Idan ta koma kicin sai ta tsaya gaban tukunya ta daɗe ba ta motsa komai ba.

Muka yi ta haka. Itacen fulam na tsakar gida, mai 'ya'ya kamar kanya, ya yi fure fari fat. Dobrin yana kira, har yanzu yana killace a wani ɗaki a bakin iyaka. Yakan yi magana da ɗansa a kan tirela da manyan tayoyi, idan yaron ya tambayi Mama sai layin ya lalace.

Ranar da abin ya ƙare muna filin gaba da hantsi, ina ɗaure wa wata igiyar takalmi. Inuwa ta gitta a kan yashi. Shamuwa ce, ƙasa-ƙasa, da kara a bakinta. Yaran suka ɗauki ihu suna tsalle suna cizge zarensu, suka ruga wajen itacen. Momcil bai bi su ba. Ya shiga ciki da gudu, ya fito sanye da rigar sanyinsa, maɓallan a karkace, yana jan jakarsa. Ya je ya zauna a bakin ƙofar ƙarfe, fuskarsa tsakanin sanduna.

Bai ci abincin rana ba. Tsonka ta kai masa banitsa mai zafi, gasasshen fulawar nan mai cuku a ciki, ya ce a ajiye wa Mama rabi. Duk motar da ta wuce sai ya miƙe, motocin kuwa ba su da yawa. Tsonka ta shiga ɗakin wasa ta cire tsinken ta yaye labulen, ta ce ai ba sauran amfani.

Na kira Dobrin na gaya masa.  Ya ce, "Ba zan iya ta waya ba. Na gwada a raina, ba zan iya ba. Ki gaya masa ke."

Na dubi Tsonka. Ta ce, "Kar ki kalle ni. Ni miya na iya. Ƙafarsa a hannun wa take kwana?" Ta cire atamfar gabanta ta goge mini fuska da ita kamar ni ce yarinyar. "Je ki. Ina bayanki. Kada ki ce ta yi tafiya, kada ki ce tana barci. Zai jira."

Na je na zauna a ƙasa kusa da shi. Simintin ya yi sanyi. Na kama ƙafarsa ta saman takalmi don ban san inda zan sa hannuna ba.

Na ce, "Momcil, Mama ta yi ciwo mai tsanani. Likitoci sun yi ƙoƙari. Ta mutu. Ba za ta zo ba."

Bai juyo ba. "Gobe fa?"

"Har gobe."

"Ta ce in na ga shamuwa."

"Ta so ta zo. Ba ta iya ba."

Ya daɗe yana kallon titi. Na yi zaton zai yi kuka, na shirya hannuna. Sai ya miƙe, ya bar jakar a nan, ya wuce Tsonka ya shiga ciki. Muka bi shi. Ya ja kujerarsa zuwa taga, ya hau, idonsa a rufe gam, ya lalubi labulen ya ja har ɗakin ya yi duhu.

Ya ce, "Ban gan ta ba. Tattabara ce."

Ba wanda ya yi masa gardama. Labulen ya zauna a rufe, sauran yaran ma ba su taɓa shi ba. Zarensu yana kaɗawa a jikin itacen har furen ya zube. Nasa yana hannunsa, sabulun hukuma ya cinye jan ya koma ruwan toka. Idan ina wanke masa hannu sai ya ɗaga zaren sama da ɗan yatsa kada ya jiƙe.

Da Dobrin ya zo ɗaukarsa, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya tsaya nesa ya yi mini godiya, na kalli ƙasa. Tsonka ta cusa masa kwalbar gasasshen barkono a aljihu. Hanyar gidansu ta ƙarƙashin turken fitilar ta bi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Tsuntsayen suna ta buga baki a sama, Momcil yana riƙe da hannun ubansa, idonsa a kan takalminsa har suka sha kwana.