Ƙashin da Ke Yawo a Wuyan Wasila

"Inna, wa ya sa mini ƙashi a wuya?"

Hanatu ta ajiye muciya ta jawo Wasila. Ta sa yatsu biyu ƙarƙashin haɓar yarinyar, sama da maƙogwaro kaɗan, sai ga wani ɗan ƙashi lanƙwasasshe. Ta tura shi dama, ya tafi. Ta tura shi hagu, ya dawo. Nan take ta tuna jiya-jiyan nan suka dawo suna daga Bunguɗu, inda Wasila ta ci kaza kamar an aiko ta.

Iya, uwar mijin Hanatu, ta taɓa ta yi salati. "Ƙashin kaza na! A ba ta tuwo ta haɗiye ba taunawa, shi ka tura shi."

Aka yi ta danna wa Wasila loma, tana haɗiya tana neman ƙarin miya. Malmala ta ƙare, ƙashi na nan daram.

"To, a kira Labbo wanzami," in ji Iya. "Da shi cire belu da shi ciro wanga, duk aska guda ta."

Hanatu ta jawo Wasila jikinta. Ba ta taɓa musu da Iya ba, amma aska a wuyan 'yarta? Kafin ɗan aike ya dawo ta saɓa Wasila a baya, ƙatuwa da ita ƙafafu na reto, ta bar ƙauyensu 'Yankuzo. A Tsafe ta hau motar gyaɗa zuwa Gusau. Shekarar ce motoci suka koma hannun dama, direba na mantuwa, fasinjoji na tuna masa da ihu.

A unguwar Tudun Wada ta sami Sista Dibora, ma'aikaciyar jinya, tsohuwar maƙwabciyar yayarta. Sista ta haska bakin yarinya da tocila, ta ba ta ruwa ta shanye lafiya, sannan ta ce, "Hanatu, taɓa naki wuyan."

Hanatu ta taɓa, ta zabura. "Wayyo! Ni ma na haɗiye! Kuma wallahi fiffike kaɗai na ci!"

Sai da Sista ta share hawayen dariya kafin ta ɗora hannun Hanatu a nata wuyan. "Ni rabona da kaza tun Kirsimeti. Da shi aka haife mu duka. Shi ke riƙe da gindin harshe, shi ke ɗaga maƙogwaro in za ki haɗiye abinci. Bai haɗu da kowane ƙashi ba, tsoka da jijiyoyi ne suka rataye shi, kamar ƙwarya a ragaya. Shi ya sa yake motsi."

"In aka cire fa?"

"Kada ma ki faɗa. Manyan hanyoyin jini na gefensa."

Da la'asar Hanatu ta iso gida, ta tarar da Labbo a zaure yana wasa aska, Iya na tsaye a kansa. Hanatu ta durƙusa ta gaishe su.

"Baba, don Allah kafin ka taɓa yarinyar ga, ka taɓa ƙarƙashin gemunka."

Labbo ya lalubo. Idonsa ya fito. Ya tura, abu ya motsa.

"In cirewar ce, Baba, a fara da na manya. Ga Iya nan."

Iya ta dafe wuyanta da hannu biyu ta ja baya har ta taka akuya. "Ahir! Nawa ya saba da ni, a bar mini abina!"

Labbo ya naɗe zabirarsa ya fita, hannu ɗaya na wuya, ko sallama babu.

Kai kuma mai karatu, na san yatsunka na can suna lalube. Taɓa a hankali, kada ka matse har ka shaƙe kanka. In kuwa ka ji baƙon abu a wuyan ɗanka, kada ka bar kowa ya kusance shi da aska. Goya shi ka nufi asibiti, ko wa zai yi fushi.